Marcello Malpighi (1628–1694): Likitan da Ya Leƙa Cikin Ƙwai Ya Ga Mafarin Jiki

A bakin Bahaushe kalmar jijiya tana ɗauke da kaya biyu. Akwai jijiyar da jini yake bi, wadda ma'aikaciyar asibiti take lalube a hannu sa'ad da za ta ɗebi jini. Akwai kuma jijiyar da take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, wadda idan ta mutu sai hannu ko ƙafa ta shanye. Aikinsu dabam ne, amma a wurare da yawa cikin jiki tare suke tafiya, inda ɗaya ta yi reshe ɗayar ma ta yi. Tun a shekara ta 1543 zanen da ke cikin babban littafin Andreas Vesalius, masanin sassan jiki, ya nuna wannan kamanci. Tambayar da ta rage ita ce, yaushe wannan tafiya tare ta soma, wace ce kuma take yi wa 'yar'uwarta jagora sa'ad da ake siffanta ɗan tayi a ciki? Sai a zamaninmu aka sami amsa mai gamsarwa. Amma mutumin da ya buɗe ƙofar binciken ya rasu fiye da shekara 300 da suka wuce. Sunansa Marcello Malpighi, likita ne mutumin Italiya.

Maraya a birnin masana

An haifi Malpighi a watan Maris na 1628 a Crevalcore, wani ƙaramin gari kusa da birnin Bologna a arewacin Italiya. Iyayensa masu gonaki ne, suna da abin da za su sa ɗansu a makaranta. Yana saurayi ya shiga Jami'ar Bologna, wadda take cikin jami'o'i mafi daɗewa a Turai, ya fara da karatun falsafa. A 1649, yana da shekara 21, mahaifinsa da mahaifiyarsa suka rasu kusa da kusa. Nauyin ƙannensa da na gādon gida ya faɗo a kansa, har ya dakatar da karatu na ɗan lokaci domin ya daidaita al'amuran iyali. Da ya koma kuwa, sai ya zaɓi aikin likita.

A kwanakin nan koyarwar likitanci a Turai tana tsaye ne a kan littattafan Galen, wani likita Baheleni da ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu. Abin da Galen ya rubuta shi ne gaskiya a wurin yawancin malamai, ɗalibi kuwa aikinsa ya haddace. Amma akwai wani malami a Bologna, Bartolomeo Massari, wanda yakan tara 'yan ɗalibai kaɗan a gidansa, su feɗe dabbobi su duba da idonsu ko abin da littafi ya faɗa haka yake. Malpighi yana cikinsu. A nan ya koyi ɗabi'ar da ta bi shi har mutuwarsa, wato gani ya kori ji. Daga baya ma ƙanwar malamin nan, Francesca Massari, ita ce ya aura.

A 1653 ya sami digirin dakta a likitanci da falsafa, ko da yake wasu manyan jami'ar ba su so ba, da yake shi ba haifaffen birnin ba ne. A 1656 sarkin Tuscany, Ferdinando na 2, ya gayyace shi koyarwa a Jami'ar Pisa. Can ya sadu da Giovanni Alfonso Borelli, masanin lissafi wanda ya girme shi da shekara 20, mai bin tafarkin Galileo na gwaji da awo. Borelli ya koya masa ya dubi jiki kamar yadda ake duban inji, a tambayi kowane sashe yadda aka haɗa shi da aikin da yake yi. Iskar Pisa ba ta karɓe shi ba, saboda haka ya koma Bologna a 1659.

Tambayar da Harvey ya bari

A shekarar da aka haifi Malpighi, wani likita Baturen Ingila, William Harvey, ya buga ƙaramin littafi da ya girgiza masana. Galen ya koyar cewa hanta ce take sarrafa jini daga abinci, gaɓoɓi kuma su shanye shi. Harvey ya nuna cewa zuciya tana tura jini ya fita ta wasu jijiyoyi, ya komo mata ta wasu, yana zagayawa ba fasawa. Sai dai akwai giɓi a bayaninsa. Ba wanda ya taɓa ganin inda jinin yake ƙetarewa daga jijiyoyin fita zuwa na komowa. Masu gāba da shi suka riƙe wannan giɓi. Harvey ya rasu a 1657 bai ga mahaɗar ba.

Malpighi ya ɗauki madubin ƙara girma, wanda a lokacin sabon abu ne, bai kuma kai ko kusa da na makarantun sakandare na yau ba. Ya fara da huhun karnuka da na wasu dabbobi, ya gane cewa huhu ba tsokar nama ba ce kamar yadda ake koyarwa, tarin ƙananan jakunkunan iska ne masu siririyar fata. Sa'an nan ya koma ga kwaɗi, gama huhun kwaɗo shara-shara ne, haske yana ratsa shi. Ya feɗe su da yawa ƙwarai, har shi da kansa ya yi ba'a cewa ya kusa ƙarar da zuriyarsu. Yakan hura huhun, ya shanya shi, ya ɗaga shi wajen haske. A nan ya ga wata raga ta jijiyoyi sirara, waɗanda suka haɗa jijiyar fita da ta komowa, jini kuma yana bi ta cikinsu bai tsiyaye waje ba. Yau mun san cewa faɗin irin waɗannan jijiyoyi ya kasa na gashin kai wajen sau goma, har ƙwayoyin jini sukan bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. A 1661 ya buga abin da ya gani cikin wasiƙu biyu zuwa ga Borelli. Yana da shekara 33, ya cike giɓin da Harvey ya bari.

Ƙwaƙwalwa, harshe da ƙoda

A 1662 ya karɓi kujerar koyarwa a Messina, a tsibirin Sisili, ya yi shekara 4 a can. A waɗannan shekaru hankalinsa ya koma ga jijiyoyin saƙo. Ya ɗaye fatar harshe ya ga 'yan ƙananan tsiro inda jijiyoyi suke ƙarewa, ya ce a nan ɗanɗano yake farawa. Ya sami irinsu a fatar yatsu, ya danganta su da taɓawa. Har wa yau wani shimfiɗi na fatar mutum yana amsa sunansa a littattafan likitanci.

Da ya duba ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa farin sashenta zare-zare ne masu tafiya zuwa laka, a nan kuwa ya yi daidai. Game da sashe mai ruwan toka da yake lulluɓe da ita, ya lura da yadda jijiyoyin jini suka cika shi maƙil. Sai ya zaci tarin ƙananan kaluluwa ne masu tace wani ruwa daga jini, su zuba shi cikin jijiyoyin saƙo. Wannan kuskure ne, madubinsa ne bai kai ba. Duk da haka ya riga ya ga wani abu mai muhimmanci, wato kusancin da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Masana na yau sun auna cewa ƙwaƙwalwar babban mutum kashi 2 ce kawai cikin 100 na nauyin jikinsa, amma takan cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar shaƙa da jiki yake amfani da ita sa'ad da mutum yake hutawa.

A 1666 ya buga bincikensa a kan hanta da saifa da ƙoda. Ya ɗura baƙin rini cikin jijiyar ƙoda, sai ga ƙananan ƙulle-ƙulle sun bayyana, suna rataye a rassan jijiyar kamar 'ya'yan itace. Su ne matatar da fitsari yake somawa, su ma da sunansa ake kiransu. Labarinsa ya kai Landan. A 1667 Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society, ya rubuto masa yana roƙo ya riƙa aiko musu da aikinsa. Ya aika musu da littafi a kan tsutsar siliki, inda ya nuna hanyoyin numfashinta da igiyar jijiyoyin saƙonta. Suka buga shi a 1669, suka kuma karɓe shi cikin ƙungiyarsu.

Kwana 21 a ƙarƙashin kaza

Duk gidan da ake kiwon kaji an san kaza takan yi kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Abin da yake faruwa a bayan ɓawon ƙwai cikin waɗannan kwanaki shi ne Malpighi ya sa a gaba. Wasu sun riga shi leƙawa, tun daga Aristotle har zuwa Harvey, amma da ido kawai ko da gilashi mai rauni. Shi kuwa ya ƙago dabara. Yakan fasa ƙwai, ya yanko ɗan farin tabon da ke bisa gwaiduwa, ya shimfiɗa shi a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubi. Yakan ɗauki ƙwai bayan 'yan sa'o'i na kwanci, wani bayan yini, wani bayan kwana biyu, yana zana abin da ya gani da hannunsa.

Ga abin da ya gani. Tun a yini na farko, a tsakiyar tabon, wasu gefuna biyu sukan taso su bar kwari a tsakaninsu, sa'an nan su haɗe su zama bututu. Bututun nan shi ne mafarin ƙwaƙwalwa da laka. Gabansa yakan kumbura ya zama 'yan jakunkuna, daga cikinsu kuma mafarin idanu ya ɓullo dama da hagu. A gefen bututun wasu ƙananan dunƙule sukan jeru biyu biyu, waɗanda daga baya ƙashin baya da tsoka suke fitowa daga gare su. A lokaci guda kuma, a kewayen ɗan tayin, raga ta jijiyoyin jini tana shimfiɗuwa a kan gwaiduwa domin ta jawo abinci. A rana ta biyu zuciya, wadda a sa'an nan lanƙwasasshen bututu ce kawai, takan soma bugawa. Ya kuma zana jijiyoyin da suke fita daga zuciya su yi baka a wajen wuya. Ƙungiyar Landan ta buga wannan aiki a 1673, ƙarin bayani kuma ya biyo a 1675. Cikin zanensa ana ganin abubuwa biyu da suke riga sauran gaɓoɓi bayyana, wato bututun ƙwaƙwalwa da hanyoyin jini, suna girma daf da juna.

A nan ma akwai inda ya yi tuntuɓe. Ya duba ƙwai da kaza ba ta kwanta a kai ba, ya ga alamar ɗan tayi a ciki. Amma a watan Agusta ne, cikin tsananin zafin Italiya, zafin kuwa ya isa ya tayar da girman ƙwai ko ba kaza. Wasu masana da suka biyo baya suka kafa hujja da wannan, suka ce ɗan tsako yana nan cikakke tun farko, girma kawai yake yi. Aka daɗe ana wannan gardama kafin a tabbatar cewa gaɓoɓi siffantuwa suke yi mataki mataki, kamar dai yadda zanen Malpighi da kansa ya nuna.

Maƙiya a gida

Yayin da ake yabonsa a Landan, a Bologna baƙin jini yake sha. Akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakanin gidansu da gidan Sbaraglia. A 1659 rigimar ta kai ga jini, ɗan'uwansa Bartolomeo ya kashe Tommaso Sbaraglia a cikin faɗa. Ɗan'uwan mamacin, Giovanni Girolamo Sbaraglia, ya zama malamin likitanci a jami'a ɗaya da Malpighi, ya kuma zama babban abokin gābarsa har ƙarshe. Shi da wasu irin su Paolo Mini suka riƙa kushe aikinsa a gaban ɗalibai da cikin rubuce-rubuce. Hujjarsu ita ce, leƙen tsutsa da ƙwai da ganye bai taɓa warkar da majiyyaci ko ɗaya ba, likita ya tsaya ga magungunan da aka gāda.

Gaskiya ne, a zamanin nan binciken Malpighi bai ba da sabon magani ba. Shi ma da magungunan zamaninsa yake jiyyar masu zuwa wurinsa. Amsarsa ita ce jiki kamar agogo yake, ko injin niƙa, wanda kuwa bai san yadda aka haɗa ƙafafun agogo ba, ba zai gyara shi ba sai bisa sa'a. Ya gaskata cewa amfanin zai zo, ko da ba a kwanakinsa ba. A 1684 gobara ta kama gidansa, ta cinye madubansa da takardu masu yawa. Ga kuma ciwon ƙoda da yake damunsa. Bai bar aiki ba, bai kuwa mai da rayuwarsa ta zama ta ramuwa ba. Doguwar amsar da ya rubuta wa Sbaraglia ma sai bayan rasuwarsa ta fito, cikin littafin da aka buga a Landan a 1697. Hassada ga mai rabo taki ce. Yau ba a tuna da Sbaraglia sai a cikin labarin mutumin da ya tsananta wa.

Kwanakin ƙarshe a Roma

Kadinal Antonio Pignatelli ya san Malpighi tun sa'ad da yake wakilin Paparoma a Bologna. Da ya hau kujera a 1691 da sunan Innocent na 12, sai ya kira shi Roma ya zama babban likitansa. Malpighi ya tafi, ga tsufa ga rashin lafiya. A watan Yuli na 1694 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ba a daɗe ba matarsa Francesca ta rasu, ba su kuwa sami haihuwa ba. A ƙarshen Nuwamba ciwon ya sake bugunsa, ya rasu a fadar Quirinale yana da shekara 66. Likita Giorgio Baglivi ya binciki gawarsa, ya tarar da gudan jini a cikin ƙwaƙwalwa, wato jijiya ce ta fashe. An kai gawarsa Bologna, aka binne shi a majami'ar Gregorio da Siro.

Abin da aka gano bayansa

Malpighi ya ga jijiyoyin jini da bututun ƙwaƙwalwa suna girma tare, amma ba shi da hanyar sanin cewa magana suke yi da juna. A 1981 masana biyu, Stewart da Wiley, suka yi dashen nama tsakanin 'yan tayin kaza da na salwa. Suka ga cewa jijiyar jini ta ciki, idan ta shiga naman ƙwaƙwalwa, sai bangonta ya matse ya zama shinge mai hana dafi wucewa. Ashe ƙwaƙwalwa ce take koya wa jijiyar halin da za ta ɗauka. A 1989 aka tantance wani sinadari mai suna VEGF. Bututun ƙwaƙwalwa yakan fitar da shi, ya kira ƙwayoyin da suke gina jijiyoyin jini, su kewaye shi kamar raga, sa'an nan su huda su shiga ciki.

Jijiyoyin jinin kuma ba abinci kaɗai suke kawowa ba. A 2004 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin da suke shimfiɗe a bangon jijiyar jini suna fitar da sinadarai masu sa iyayen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yawaita, su kuma haifi ƙwayoyin saƙo masu yawa. Iskar shaƙa da sababbin jijiyoyi suke kawowa ita ma alama ce gare su cewa lokacin balaga ya yi. A 2002 aka gano cewa bangon jijiyar jini yana fitar da wani sinadari, artemin, wanda wasu jijiyoyin saƙo suke bi kamar mai bin sawu, har su isa gaɓoɓin da za su yi wa hidima. A shekarar nan kuma wani binciken ya nuna akasin haka a fatar ɗan tayin ɓera, inda jijiyar saƙo take shata hanya, ta jini ta bi ta. A 2016 aka ga ƙwayoyin da za su yi wa jijiyoyin saƙo rufi suna rarrafe a bayan jijiyoyin jini domin su bazu cikin ƙwaƙwalwa. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Wani wuri wannan ce a gaba, wani wuri waccan, kowace kuwa tana bukatar 'yar'uwarta.

'Yan'uwa masu karatu, wannan ilimi ya shafi kowane gida. A jikin ɗan adam zuciya takan soma bugawa wajen kwana 22 bayan shigar ciki, bututun ƙwaƙwalwa kuma yakan rufe wajen kwana 28, sa'ad da ɗan tayin bai kai ƙwayar shinkafa ba, sau da yawa ma uwar ba ta riga ta san tana da juna biyu ba. Idan bututun bai rufe daidai ba, akan haifi jariri da buɗaɗɗen gadon baya. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 1991 ya tabbatar cewa sinadarin folik asid yana hana yawancin irin wannan lahani, shi ya sa likitoci suke shawartar mace ta fara shansa tun kafin ciki ya shiga. Daga baya kuma dukan abin da ƙwaƙwalwar jariri take samu ta jinin uwarsa yake biyowa, saboda haka ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro a lokacin ciki ba abin wasa ba ne. Miji da ya raka matarsa awo da wuri, ya ga ta sami abinci da maganin ƙarin jini, yana taimakon ginin da ido ba ya gani.

Sbaraglia ya tambaya wane majiyyaci ne leƙen ƙwai ya warkar. An yi shekaru ɗaruruwa kafin amsar ta zo, ga ta kuwa a kowane ɗakin awon ciki da ɗakin jiyyar bakwaini. Malpighi bai ga wannan rana ba. Ya dai duba da haƙuri, ya zana abin da ya gani da aminci, har zanensa ya zama abin da na baya suka gyara kuskurensa da shi. Yaranmu masu sha'awar aikin likita da na kimiyya suna da abin koyi a wurin marayan Crevalcore.